Hanyar Cin Rani da Rana

A kwarin Rima hunturu ba ya sallama. Ana gama kaka, an ɗaure gero an kai rumbu, sai wata safiya a wayi gari rana ta fito fara fat, har ana iya kallonta ido da ido. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris haka za a yi ta fama. Leɓe ya tsage, kaushi ya farfasa diddige, ruwan randa ya koma kamar an jefa masa ƙanƙara, alwalar asuba ta zama sai mai ƙarfin imani. Baturen da ya san dusar ƙanƙara zai yi dariya in aka ce masa digiri 14 ko 15 muke kira sanyi. To, shi yana da na'urar ɗumama ɗaki da tagar gilashi. Mu a Sisawa da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, bargo ne da wutar kara a tsakar gida, ƙura kuwa babu ƙofar da ke tare ta.

Maganin wannan lokaci tun kaka da kakanni shi ne a tashi a ba shi wuri. Shamuwa ce ke fara yin gaba, da damina ta ɗauke sai ta bar sheƙarta ta nufi kudu. Fulani su kaɗa shanu su bi sawun ciyawa da ruwa. Sai kuma mazan gari, in ban da masu fadama da ke tsayawa noman albasa da tafarnuwa da shinkafa, su ɗaure 'yan ƙunshinsu su tafi cin rani. Lissafin a fili yake: ruwan sama na wata huɗu ne, cin tuwo kuwa na wata goma sha biyu. Duk bakin da ya bar gida ya rage wa rumbu nauyi, in kuma Allah ya yi buɗi ya dawo da kuɗin taki da na sutura da na aure. Wasu su yi ga-ruwa, wasu yankan farce, wasu gadi, wasu dako a kasuwa, malamai su tafi da almajiransu, 'yan dambe su bi garuruwa da makaɗansu.

Abin ba ƙarami ba ne tun da can. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa masu ƙidaya a mashigun lardin Sakkwato, aka ƙirga sama da mutum 250,000 da suka fita neman aiki, wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya yi nazari a kan alkaluman. Kafin su kuma akwai fatake, waɗanda ke haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su ɗauko goro. Kalmar zango da ake ji yau daga Kumasi har Kwatano tasu ce.

A Amurka da Kanada ma akwai masu gudun sanyi. Yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya. Da sanyi ya kama sai su shiga wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da makewayi, su gangara Fulorida ko Arizona, su dawo gida idan gari ya yi ɗumi. Tsuntsayen ƙanƙara ake ce musu. Faransawa da Jamusawa su ma suna yin haka zuwa Sifen da Maroko. Lokaci ɗaya muke tashi da su, alƙibla ɗaya muke fuskanta, lokaci ɗaya muke komawa. Inda muka rabu shi ne su a kujerar gaba suke zaune da rana suna kallon ƙasa, namu kuwa a bayan tirela suke, bisa buhunan albasa, cikin dare, sun rufe kai da bargo.

Kawunmu, yayan mahaifiyarmu, shekara 27 ya yi yana wannan tafiya. Ya yi ga-ruwa a Ibadan, ya yi gadi a Agege, ya yi dako a kasuwar Mil 12. Da cin rani ya gina ɗakunansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya sayi littattafan da muka fara karatu da su bayan rasuwar mahaifinmu. Da ƙarfi ya ja baya sai ya zauna gida, hunturu kuwa ya same shi a inda ya daɗe yana nemansa. Kowace shekara da ƙura ta taso sai tari ya sarƙe shi, numfashi ya riƙa fita da kuka, ya kwana zaune ya jingina da bango. Likitan da ya duba shi a Sakkwato ya rubuta maganin shaƙa, ya ce a kiyaye shi daga ƙura da hayaƙi gwargwadon iko. Kiyaye mutum daga ƙura a gabashin Sakkwato cikin watan Janairu, sai dai in ɗauke shi za a yi daga ƙasar baki ɗaya.

Shi muka yanke shawarar yi. Mu biyu ne 'ya'yan ƙanwarsa maza, ɗaya direba mai tsohuwar Toyota Hiace, ɗaya mai rubuta manhajar kwamfuta, wanda duk inda ya sami wuta da intanet nan ne ofishinsa. Muka cire kujerun baya, kafinta ya buga gadon katako mai akwati a ƙarƙashi, mai walda ya ɗaura faifan sola a rufi, muka haɗa batir da inbata. Muka sa katifa biyu, gidan sauro, labule, tukunyar gas, jarka huɗu ta ruwa, buta da darduma, buhun shinkafar Wurno, ƙuli-ƙuli da kilishi. Mutanen gari suka kewaye motar suna leƙe. Wani dattijo ya tambaya ko motar asibiti ce. Kawu ya ce masa, "Motab banza ta, ɗiyan ga sun ce yawo za su kai ni." Amma tun jajibirin tafiya ya wanke manyan rigunansa biyu ya ninke.

Doka ɗaya muka kafa: ba tafiyar dare. Daga hantsi zuwa la'asar, duk inda la'asar ta same mu nan ne zango. Dalili na farko kowa ya san shi. A Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40. A Disambar shekarar kuma, a yankin Sabon Birni, suka tare motar matafiya suka banka mata wuta da mutane a ciki, sama da 20 suka rasu. Babu gidan da ke yankinmu da ba a yin addu'a mai tsawo in nasu zai hau hanya. Dalili na biyu shi ne muna son Kawu ya ga abin da ya daɗe yana wucewa.

Tsakiyar Disamba muka tashi. Muka bar Sakkwato muka kama babbar hanyar kudu, wadda ta bi ta Tambuwal da Jega da Koko har ta dangana da Legas, kusan kilomita 1,000. Kawu na kujerar gaba, ya ɗaure baki da rawani. Ya san sunan kowane gari kafin mu kai allonsa, ya san inda ake sayar da shayi mai kyau, da inda direbobi ke tsayawa sallar asuba, da ramin da ya taɓa kayar da wata tirela. Kamannin garuruwan ne bai sani ba. Da muka wuce Jega ya ga gonakin albasa kore shar a bakin gulbi, sai ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, "Ɗiyana, shekara ashirin da bakwai ina bin wagga hanya, ban taɓa ganin ta da rana ba."

A Yawuri muka yi zangon farko mai tsawo. Muka ajiye motar kusa da bakin ruwa, muka sayi kifi wurin Sarkawa, muka kunna gas. A nan Kwara ke buɗewa ta zama tafkin Kainji, jiragen kwalekwale na kai da kawo tsakanin tsibirai. Muka buɗe taswira a waya muka bi masa layin ruwan da yatsa: ga Rima ta fito daga madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, ta wuce Wurno, ta haɗu da gulbin Sakkwato, suka gangara ta Argungu da Birnin Kebbi, suka faɗa Kwara a sama da inda muke zaune. Wato a cikin ruwan da ke gabanmu akwai wanda ya ratsa fadamarmu. Kawu ya tashi ya je ya ɗebo da tafin hannu ya wanke fuska. Ya ce, "Ashe shi ma cin rani shika zuwa."

Daga Mokwa muka ratse muka nufi madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya cinye tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya hallaka a 1806, aka tashi dubban mutane aka gina musu sababbin garuruwa. Gandun dajin da ke kusa ba mu shiga ba, don mutanen wurin sun ce mana yanzu ba wurin yawo ba ne. Mun dai tsaya inda ake hango katangar da manyan wayoyin da suka tashi daga gare ta. Muka yi wa Kawu bayanin yadda ruwa ke juya injin, injin ya haifar da lantarki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya me ya sa ruwan ya san hanyar zuwa nan, amma wutar ba ta san hanyar komawa gida ba. Digirin kwamfuta bai tanadi amsar wannan ba, sai muka yi dariya muka shiga mota.

A Jebba ne muka fara jin iska ta canza. Gadar jirgin ƙasa da aka gina tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko tana nan, ga dutsen nan da ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kogi. Bayan mun ƙetare, sai hazo ya fara sirancewa, itatuwa suka ƙara tsawo, kwakwar manja ta fara bayyana. Hunturu yana leƙawa kudu, amma yakan isa can a gajiye, danshin teku ya karya masa lago. Daren da muka kwana a Ilori shi ne karo na farko cikin makonni da Kawu ya miƙe a katifa ya yi barci har kiran assalatu. Mu ne ba mu yi barci ba, muna ta kasa kunne ko za mu ji kukan ƙirjin nan. Shiru.

Kwana a mota a ƙasar nan yana da tasa dabara. Babu filin da aka keɓe wa irin motarmu, kamar yadda ake keɓewa a ƙasashen Turai, mai famfo da wurin jona wuta. Abin da muke da shi ya girmi wannan: kowane gari a kan hanyar yana da unguwar Hausawa, kowace unguwa tana da masallaci da mai shayi da dattijon da ake kai wa baƙo. Sai mu yi sallama, mu faɗi garinmu, Kawu ya ambaci mutum biyu ko uku da suka zauna tare, kafin a jima an nuna mana inda za mu ajiye mota kusa da mai gadi. Wani wurin a hana mu dafa abinci, a aiko da tuwo. Shingayen kan hanya kuwa ba su ƙirguwa, kuma mota mai labule da lambar arewa tana jan ido. Sau da yawa an sa mun sauke komai har katifa. Rigar Kawu da furfurarsa da Yarabancinsa na kasuwa sun fisshe mu fiye da takardun mota. Man fetur ne ya fi cin aljihu, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, har sai da mai manhaja ya karɓi ƙarin aiki, yana bugawa da dare a kan akwatin gado, fitila ɗaya a kunne don kada a tashi tsoho.

A Ibadan muka fi daɗewa. Unguwar Sabo, wadda aka kafa a 1916, ita ce gidan Kawu na biyu. A nan sai muka koma 'yan rakiya, shi ya zama madugu. Ya nuna mana rijiyar da yake ɗiban ruwa, da rumfar da suke kwana su takwas, da matar da ke ba shi bashin amala in kasuwa ta ƙi. Ta tsufa ƙwarai, jikarta ce ke riƙe da tukunya, amma ta gane shi, suka yi ta gaisawa da Yarabanci suna tafa hannu. Mu kuma muka kai shi hasumiyar Bower da ke kan tudu, inda ake ganin birnin duka, jajayen rufin kwano har iyakar gani. Ya shekara da shekaru yana tura kurar ruwa a gindin tudun, bai san ana hawa ba. Ya nemi a kai shi Shasha, kasuwar da aka yi rikici a Fabrairun 2021 aka ƙone shaguna aka rasa rayuka. Ya tsaya ya yi addu'a ga waɗanda ya sani, Hausawa da Yarabawa, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya.

Teku muka bari a ƙarshe. Mutumin da ya yi shekaru a Legas, iyakar ruwan da ya gani shi ne wanda ake hangowa daga kan gada. Muka wuce Badagiri, muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin da ake fitar da bayi a zamanin da, muka taka yashi har bakin ruwa. Daga wannan gari ne Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya kuma rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Shi ya hau hanyar daga teku zuwa ƙofar gidanmu ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karantawa. Dubban namu sun sauko ta, ba wanda ya tambaye su me suka gani. Kawu ya naɗe ƙafar wando, ya shiga har idon sawu, igiyar ruwa ta zo ta janye yashin da ke ƙarƙashinsa. Ya ja da baya yana tasbihi. Sannan ya ciro gora daga aljihu ya cika, don Inna ta ce kada ya dawo mata ba ruwan teku.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a Mil 12 muka gamu da shi. Samarin yankinmu ne, wasu mun yi makarantar allo tare, suna sauke albasar da ƙila a fadamar iyayensu aka noma ta. Muka tambaye su yaushe za su koma shuka. Wani ya ce shekara uku ke nan bai koma ba, gonarsu na cikin daji, sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wani ya ce ƙauyensu ya tashi, iyalinsa na Sakkwato a wani kango. Wani kuma kabu-kabu yake yi, har aka hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, ya koma dako. Kawu ya ce musu a zamaninsu duk wanda ruwan farko ya sauka bai dawo ba, sai a fara yi masa zargin ya lalace. Suka ce yanzu wanda ya koma shi ake yi wa faɗa. Cin rani yana da ƙafa biyu, tafiya da dawowa. In ta biyun ta karye, sunan abin gudun hijira, ko da bakin mai yin sa bai yarda ya faɗa ba.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa hawa hanyar ba sam. Duk shekarun da Kawu ke kudu, Inna ce ke gida da yara da awaki da rumbun da ake auna wa tiya, ita ce ke shan hunturun da shi ya tsere wa. Kowace yamma muna kiranta, in sabis ya yarda, mu juya mata waya ta ga kogi ko daji ko teku. Takan ce a matso da shi kusa, sai ta yi shiru tana kallo, sannan ta tambaya ko Kawu na shan maganinsa. Mun yi mata alkawarin baɗi da ita za a yi, in Allah ya kai mu, ko da za a ƙara labule a raba motar biyu.

Ƙarshen Fabrairu muka juyo, iska ta fara laushi, zafin bazara na leƙowa. Mun dawo da goro daga Shagamu, da manja, da gorar Inna, da hotuna sun fi ɗari a waya. Kawu ya dawo da ƙiba kaɗan da labarin da har yau bai ƙare ba a dandali. Tsofaffin abokan tafiyarsa su ne suka fi matsa masa da tambaya, mutanen da suka ƙetare gadar Jebba sau hamsin suna son a gaya musu yadda kogin yake. Biyu daga cikinsu sun riga sun zo sun duba gadon katakon, sun tambayi mutum nawa yake ɗauka. Mun ce musu huɗu, in an matsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanya ga mai tafiya da mai dawowa.